Biri Mai Ganga

Tun muna aji ɗaya a wannan jami'a malaminmu na adabin baka ya ce kowa ya tattaro karin magana hamsin masu ambaton namun daji. Ni na kawo saba'in, na ci maki mai kyau, na riƙa hura hanci a cikin aji. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, in ka ɗebe kurar da na taɓa gani a hannun gardawa ran kasuwar garinmu, da jan birin da suke wasa da shi, babu dabba guda cikinsu da na taɓa sa wa ido. Ɓauna da gwanki da dorina duk a bakin kakata na san su, sai kuwa a takarda.

To, ana nan sai abokina da muke ɗaki ɗaya, mutumin Serti ta Jihar Taraba, ya ce in bi shi gida hutu in ga gandun dajin Gashaka-Gumti. Muka tashi cikin watan Janairu, hunturu na busawa, muka kwana a Jalingo, kashegari muka bi ta Bali muka sauka Serti, inda babban ofishin gandun yake. A nan na ji cewa a shekarar 1991 aka haɗa dajin Gashaka da na Gumti aka mai da su gandun ƙasa guda, kuma duk Nijeriya babu wanda ya kai shi girma, don ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, watau dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru.

Muka yanki takardar shiga, aka haɗa mu da wani dattijo ma'aikacin gandun, wanda a da maharbi ne, ya zama jagoranmu. Kwananmu na fari a ƙauyen Gashaka muka yi shi. Da la'asar Baba ya kai mu kan wani tudu muka ga kufan sansanin Jamusawa, gama wannan yanki a hannunsu yake kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya koma hannun Ingilishi, bai zama Nijeriya ba sai 1961.

A nan tilas in tona wa kaina asiri. Baba ba Bahaushe ba ne, a kasuwa da dawa ya koyi Hausa. Yakan ce "mace ya zo", ba ya kuma bambanta "ƙ" da "k". Ni kuwa ɗalibin nahawu, sai na riƙa ƙirga masa kurakurai a zuci, har na rubuta waɗansu a ɗan littafina, wai in na dawo in ba abokai dariya.

Kashegari muka saɓa kaya muka nufi Kwano, wani tsohon ƙauye a gindin duwatsu inda masu binciken birai suka kafa sansani. Tafiyar sa'o'i ce a ƙasa, hawa da gangara, ga ƙetare rafuka, ga ƙudan tsando yana cizo ta cikin riga. Ni da na tashi inda kuka da gawo ke tsaye ɗai-ɗai a gona, sai ga ni cikin kurmi wanda rana tsaka ba ka ganin inuwarka. Muka dafa shinkafa da wake a murhun duwatsu, muka kwanta.

Da asuba, mun idar da salla ke nan, sai na ji kiɗa daga can cikin kwari, dum dum dum, ya ɗauke, sa'an nan ihu ya biyo baya. Na ce, "Baba, wane gari ne kusa da nan ake biki da sassafe haka?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗana, babu gari. Biri mai ganga ne ya tashi."

Na yi shiru. Na san goggon biri, na san jan biri da kirka, amma wannan suna ban taɓa jinsa ba, ko a gida ko a aji. Da gari ya waye Baba ya kai mu gindin wata doguwar bishiya mai saiwoyi faffaɗa a tsaye kamar bango, ya mari ɗaya da tafin hannu, sai ga amon nan da na ji. Ashe ita ce gangar: da hannu da ƙafa suke dukanta, 'yan'uwansu su ji daga nesa. Ya nuna mana gadajen da suke saƙawa da rassa can bisa, kowane dare sabo, da 'yan tsinkayen da suka fere suka zura cikin rami don cin tururuwa da zuma. Wannan dabba ita ce Turawa ke kira cimfanzi. Na tabbata da an tambaye mu a aji, da sai mu ari ta Turawan, ko mu kafa kwamiti. Alhali kuwa mutanen da nake ƙirga wa kurakurai sun daɗe da raɗa mata sunan Hausa wanda ya faɗi halinta sarai. Shekara nawa ina cewa biri ya yi kama da mutum, sai a ran nan na san nauyin maganar. Na ciro ɗan littafina na yage shafin kurakuran Baba, na buɗe sabo, na ce ya faɗa mini in rubuta.

Birin kansa ban gan shi ba, don gudun mutane yake. Daga Kwano muka yi sama zuwa Chappal Hendu. Da Fulatanci "hendu" iska ke nan, kuma sunan bai yi ƙarya ba: bargo biyu na rufa, haƙorana na kaɗawa. A can kurmi ya ƙare, sai ciyawa da shanun Fulanin da aka bar wa wuraren zama a cikin gandun. Suka shayar da mu madara mai ɗumi. Daga nan na hangi rafukan da muka ƙetare suna gangarawa, su ne ke tafiya su cika kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai.

A hanyarmu ta dawowa Baba ya ce da ƙuruciyarsa har bayan gari ake jin gangar nan, amma farauta da ƙonar daji da masu saran madobiya sun tura su can ciki. Ya ce, "Ran da suka ƙare, wa zai san abin da ake nufi da sunan?" Ban sami amsa ba, don na tuna da karin maganata saba'in.

Saboda haka, 'yan'uwana 'yan wannan ƙungiya, ga roƙona. Hausa ba a Kano da Katsina da Sakkwato kaɗai take ba, kuma ba duka ce ta shiga ƙamus ba. In an yi hutu, kowa ya ɗauki littafi ya nemi maharbi ko masunci ko makiyayi, ya durƙusa ya tambaya, tun masu sunayen da abubuwan da aka raɗa wa suna nan da rai. Ni dai na dawo da kalmomi talatin da ɗaya, da tabon cizon tsando a ƙafa. Allah ya saka wa Baba da alheri, amin.