Ƙyastun Harsashi

Shekarar da muka yi karatu a jihar Montana ta Amurka, mun kama haya a gidan wani dattijo maharbi wanda ba ya sayen harsashi, shi ke ɗura abinsa. Da sanyi ya kankama, fita ta gagara, sai muka zama yaran aikinsa.

Mu da muka saba ganin maharban gida suna ɗura adaka da ƙiyasin ido, mun ɗauka abin wasa ne. Ashe kwanson tagulla yakan ƙara tsawo in ya sha harbi, sai an auna an datse bakinsa, an goge ramin gindinsa tas. A ramin nan ake dasa ƙyastu, wato 'yar hular da allurar bindiga ke sara ta kunna albarushi. Irin wanda Boxer, mutumin Ingila, ya fito da shi a 1866 shi Amurkawa suka runguma, domin kafar wutarsa ɗaya ce a tsakiya, cire tsoho ba wuya. Na Berdan ɗan ƙasarsu kuwa, sai a Turai ya samu karɓuwa.

Wata rana muka dasa hamsin muna ta hira. Dattijon ya bi su da yatsa, ya ware bakwai da ba su nutse ba.

Muka ce, "Baba, ai ɗan kaɗan ne."

Ya ce ɗan kaɗan ɗin kan sa harsashi ya ƙi tashi, ko ya tashi tun ba a gama rufe bindiga ba, alhali fuskar mutum na nan kusa. Da yake ba a zuba albarushi ba tukuna, muka ja kujeru muka sake danna su, ba mai cewa uffan, har shayinmu ya huce.