DAGA KUMASI ZUWA SALAGA A KAN KEKE, DA JITA A BAYA

Tun da muka dawo daga Salaga samari ke tare mu a bakin masallaci da wajen mai shayi, wannan ya tambayi keke, wancan ya tambayi jita, wani kuma ya ce wai da gaske ne da ƙafafunmu muka tuƙa har bakin ruwan Yeji? Saboda haka muka ga ya fi kyau mu zayyana labarin a wannan fili, kowa ya ɗebi abin da zai amfane shi.

Mu biyar ne muka tashi daga Aboabo a watan Janairu na 2023, ana tsakiyar hunturu. Dalilin tafiyar biki ne, za a aurar da jikar Gwaggonmu a Salaga. Amma akwai wata magana a ƙarƙashin bikin. Wani yayanmu da ke Amurka ya aiko wa autanmu, yaro ɗan shekara 19, jitar lantarki tare da amfilifayarta, shi kuwa Baba bai ga dalilin da zai sa jikan malamai ya rataya abin kiɗa ba. Aka yi wata uku gidan ba daɗi. Daga ƙarshe Baba ya kira shi ya ce, "Ka tafi da ita Salaga ka kaɗa a gaban Yaya. In ta ce ka riƙe, ka riƙe. In ta kau da kai, ka sayar, ka tafi Magazin ta Suame ka koyi gyaran mota." Auta ya durƙusa ya ce, "Na ji, Baba."

Zancen keke kuwa mu muka ƙirƙiro shi. Mun tashi muna jin labarin kakanninmu fataken goro, waɗanda suke korar jakuna daga Kano da Katsina da kanwa da fatu da baƙaƙen riguna, su yi watanni a hanya kafin su iso Gwanja, madugu da jagaba suna tafe da ayari. Muka ce tunda jaki ya fi ƙarfinmu, to bari mu ji hanyar a jikinmu ko da a kan keke ne.

MAGANAR KEKE

Keken hawan dutse ba a Afirka aka haife shi ba. Wasu samari ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin shekarun 1970, suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais, har Joe Breeze ya ƙera wanda aka yi musamman don wannan aiki a 1977, sannan kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, kowa ya samu ya saya. Abin da su suka yi don wasa, mu a nan ya zame mana abin neman abinci, domin shi ne keken da ke jure hanyar gona da buhun masara a kariya.

Namu duk na gwanjo ne, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema. Shawararmu ga mai saye ita ce kada fenti ya ruɗe shi. Ka juya keken, ka duba gaɓoɓin da aka yi wa walda ko akwai tsaga. Ka ɗaga wili ka juya shi ka ga ko yana layi. Ka taɓa haƙoran giya, in sun yi tsini kamar na zarto to sun cinye, kuma sabon cen ba zai zauna a kansu ba. Wani tsohon mai gyaran keke da ya duba mana namu kafin mu tashi ya ƙara mana guda. Ya ce, "'Ya'yana, ku guji keke mai sifirin gaba da baya in mai araha ne. Nauyi ne kawai, yana shanye ƙarfin ƙafa, kuma in ya lalace a ƙauye ba mai gyara muku." Ya kuma ce mu zaɓi mai jikin ƙarfe a kan na alminiyam, domin ƙarfe ko a Atebubu ya karye mai walda zai ɗinke shi, mu kuma zaɓi taya mai lamba 26, wadda ake samun tub ɗinta a kowace kasuwa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce dacewa ba.

Abin da muka ɗauka bai da yawa: famfo, faci da sholisho, tub biyu-biyu, sifana, sifoki kaɗan, wayar birki guda biyu ta ko-ta-kwana, tocila, da gorar ruwa uku ga kowane mutum. Amfilifaya kuwa, da yake tana da nauyi, muka ba direban wata mota ya kai mana ita Salaga tun da wuri. Jita Auta ya ce ba mai raba shi da ita, ya goya ta a baya cikin jakarta.

HANYA

Mun fita bayan sallar asuba, muka bi ta Tafo da Mamponteng da Ntonso, garin masu buga zanen adinkra, muka wuce Agona. Wanda zai bi wannan hanya ya fita da wuri, domin da gari ya waye motocin tiro-tiro ba su san akwai mai keke a duniya ba. Bayan Jamasi ne hanya ta nuna mana halinta. Nan ne hawan Mampong yake, kwalta tana nannaɗe jikin dutse tana hawa, kurmi a hagu, kwazazzabo a dama. A nan muka koyi cewa giya tun kafin hawa ake sauya ta. Ɗayanmu ya tsaya sai da ya kai tsakiya ƙafa ta ƙage sannan ya murɗa, cen ya yi ƙara ya zame, muka yi rabin sa'a muna fama da baƙin mai a hannu. Babu kunya a sauka a tura keke. Mu duka biyar mun tura, wata mai sayar da ayaba tana yi mana sannu da Asantanci tana dariya.

Daga Mampong ƙasa ta fara buɗewa, kurmi yana ja da baya, ciyawa da gonakin masara da doya suna karɓar wurinsa. Muka kwana a Ejura, kimanin kilomita 100 daga gida, cinyoyi kamar ba namu ba. Kashegari muka yi Atebubu, rana ta uku muka bi ta Prang, inda Hausa ke tashi a kasuwa kamar kana Sabon Zango, muka isa Yeji da la'asar. A dukkan garuruwan nan ba mu nemi masauki na kuɗi ba. Mukan tambayi masallacin zango, mu gai da liman, mu faɗi gidan da muka fito da wanda za mu, sai ka ga an shimfiɗa tabarma, da safe ga koko da ƙosai. Sunan zango ma daga nan ya samo asali, wato inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Sai dai kada a je hannu rabbana. Ɗan goro ko sukari ga mai gida ba ya kashe aljihu.

Hunturu yana da daɗin tuƙi da safe, amma maƙaryaci ne, domin gumi yana bushewa kafin ka ji shi, sai ka ɗauka ba ka jin ƙishirwa. A sha ruwa ko ba a so, a shafa man kaɗe a leɓe, a ɗaure hanci da rawani in babbar mota ta taso da ƙura. Tsakanin sha biyu da uku mukan nemi gindin mangwaro mu yi sallah mu kwanta. Sannu ba ta hana zuwa.

RUWAN YEJI

Kakanninmu kogi suka tarar a nan. Mu teku muka tarar, domin tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya zama tafkin Volta, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, ya haɗiye gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Kete-Krachi. Daga Yeji ana ƙetarewa zuwa Makango ko dai a babban jirgin fito mai ɗaukar motoci, ko a kwalekwale mai inji. Mu muka jira babban, ko da yake ya ci mana rabin yini. Itatuwan da ruwa ya rufe suna nan tsaye a ƙarƙashi, kuma kwalekwalen da aka cika fiye da kima in ya daki kututture ba ya ba da lokacin salati mai tsawo. Wanda dole ta sa shi shiga ƙarami, ya nemi rigar ruwa, kuma kada ya yarda da tafiyar dare. Muna jira muka ci soyayyen kifi da ba mu taɓa cin irinsa a Kumasi ba.

SALAGA

Daga Makango zuwa Salaga ba nisa, amma nan ne faɗin taya ya biya kuɗinsa, ga ramuka ga jar ƙura. Wanda ya ji sunan Salaga a bakin tsofaffi zai zaci birni ne kamar Kano. Gari ne matsakaici mai natsuwa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, cinikin goro ya fara komawa Kintampo, sannan yaƙin basasa na 1892 a kan sarautar Kpembe ya watsa fatake da malamai. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, malamin nan mawaƙi haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Zangunan kudu da yawa daga wannan watsewa suka cika.

Aka zaga da mu tsofaffin rijiyoyin da garin ya yi suna da su, aka kuma kai mu filin da aka riƙa sayar da bayi. Nan bakinmu ya mutu. A gida labarin goro kawai ake ba mu, ba a cika faɗa mana cewa a kasuwar da aka auna goro an kuma yi cinikin 'yan Adam ba, kuma fatakenmu suna cikin masu saye. Muka yi addu'a ga waɗanda aka bi da su ta wurin, muka juyo ba mai magana.

MAGANAR JITA

Muna isa gidan biki aka tare mu da labari mara daɗi. Wani yaro mai karambani ya jona amfilifaya a bango don ya gwada, ta yi fat, hayaƙi ya tashi. Jama'a, a riƙe wannan: wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Gana 230. Duk kayan lantarkin da ɗan'uwa ya aiko daga can, a karanta rubutun da ke bayansa kafin a jona, in 120 kaɗai aka rubuta to sai da taransifoma mai rage wuta. Tamu tana cikin kwalin, ba wanda ya kula ta.

Ita jitar lantarki ba ta da murya ta kanta. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, in tsirkiyar ƙarfe ta girgiza sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ta ɗauka ta ƙara mata ƙarfi. Haka take tun daga na farko da aka fara sayarwa a Amurka a farkon shekarun 1930, har zuwa Stratocaster ta kamfanin Fender ta 1954, wadda ta Auta kwaikwayonta ce. Muka roƙi mai sifikun biki, ya yarda a jona a na'urarsa. To, Auta ya buɗe jaka, sai ga wata sabuwa. Kwana huɗu na rana da bushewar hunturu sun taɓa itacen wuyan, sauti duk ya karkace, yana cikin ɗaurewa siririyar tsirkiya ta tsinke. Laifinmu ne. Mai tafiya da jita ya sassauta tsirkiyoyi kaɗan, ya raba ta da rana, ya kuma riƙe saiti guda na ajiya, domin ba kowane gari ake sayar da su ba.

Yaron ya zauna a dakali ya haɗa kai da gwiwa. Sai babbanmu ya tuna da Mdou Moctar, makaɗin Abzinawan Nijar wanda ya yi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ya kuma zaga duniya daga baya. Shi ma gidansu ba su so kiɗa ba, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Muka ciro wayar ajiyarmu, muka warware sili guda, muka miƙar da shi da filaya, muka ƙulla. Ƙarfe ne, maganaɗisu ya ji shi. Ba za mu ce muryar ta yi daɗi kamar ta asali ba, tana da ɗan kaushi, kuma dole ya sassauta sauran don su daidaita da ita.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa wa Gwaggo darduma a tsakar gida. Auta ya tsuguna ya gaishe ta, sannan ya fara. Bai kaɗa na Turawa ba. Ya ɗauko wani tsohon amon garaya da Gwaggo kan yi mana ghuɗa da shi muna yara, ya bi shi a hankali, masu kalangu suka shigo. Tsohuwa ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma kau da kai ba. Da ya gama ta ce, "Zo nan, ɗan nan. Ka yi isha'i?" Ya ce, "Na yi, Gwaggo." Ta kwance bakin zane ta ciro goro guda fari ta sa masa a hannu, ta ce, "Ka gaya wa ubanka na ce molo ne mai wuta. Amma Magazin ɗin ma ka je, ko don ka gyara abin da aka ƙona maka."

Haka aka yi. Auta ya shiga koyon aikin lantarki da rana, jita kuma da yamma, Baba ya ce shi dai kada ya ji ta lokacin karatun magariba. Dawowa kam a mota muka yi, kekuna a saman kaya, ba wanda ya yi gardama.

Masu niyyar bin wannan hanya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku gai da mutanen Prang da na Yeji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.