Hunturu A Kan Hanyar Kwantagora

Wanda bai taɓa hawan Vespa da asuba cikin watan Janairu ba, zai yi tsammanin sanyin hunturu na mutanen Kano da Katsina ne kaɗai. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da wata ta'aziyya ta tashe ni daga Tegina zuwa Kwantagora, shekarun baya, bayan an idar da sallar asuba. 'Yar shara ce kurum a jikina, domin na ce ai Jihar Neja ƙasar zafi ce.

Ban yi nisa ba na gane kurena. Iskar nan da ke busowa daga Hamada tun Disamba har Fabrairu busasshiya ce, kuma gwargwadon gudun mahayi gwargwadon yadda take kwashe ɗumin jikinsa. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya, wanda ya fara ƙera Vespa a 1946, ya yi mata garkuwa a gaba mai tsare ƙafafu, amma ƙirji da hannuwa a fili suke. Ga shi kuwa aikin tuƙinta a hannu yake, watau kuloci da giya a hagu, totur da birkin gaba a dama.

Na wuce Mariga kaɗan, hazo ya rufe hanya, sai ga garken shanu yana ƙetare titi. Na kai hannu zan matsa birki, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa, sun sandare. Birkin ƙafa Allah Ya sa ya cece ni, na tsaya bai fi taku biyu tsakanina da wani bajimi ba.

Da na lallaɓa na shiga Kwantagora, sai na sauka wurin wani dattijo mai shayi, na miƙa hannuwa kai tsaye cikin wutarsa. Ya ce, "Janye hannunka, ɗana. Hannun da ya sandare ba ya jin ƙuna sai ya ƙone. Riƙe kofin nan tukuna." Na ce, "Baba, yaya mahayan garin nan suke yi da wannan sanyi?" Ya yi dariya, ya ɗauko tsohuwar jarida, ya ninka, ya ce in cusa a ƙirjina ƙarƙashin riga, domin iska ba ta ratsa takarda.

Sauran shawarwarinsa na jarraba su, sun kuwa yi mini rana. Riguna marasa kauri biyu ko uku sun fi mai kauri ɗaya, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. A sa safar hannu, a rufe kunne da hanci da rawani, sa'an nan a ɗora hular kwano. A shafa man kaɗanya, wanda ƙasar nan ke da arzikinsa, a leɓe da hannu kada su tsattsage. A tattare babbar riga kada ta shiga ƙafar babur. A kunna fitila cikin hazo ko da rana ta fito, a rage gudu, kuma da zarar yatsu sun fara nauyi a tsaya.

Shi ne kuma ya tuna mini asalin sunan garin. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mai sarautar Sarkin Sudan, ya kafa shi a 1864, kuma an ce da ya iso bakin kogin sai ya umarci mutanensa su kwanta gora, watau su aje gorunan ruwansu su huta. Dattijon ya ce, tun da mayaƙa ma sun tsaya sun huta a nan, mai babur ba shi da dalilin gaggawa.

Yau Vespa ta yi ƙaranci, wasu babura sun maye gurbinta, amma hunturu na nan yadda yake. Saboda haka, jama'a, wanda tafiya ta kama cikin sanyi ya jira hantsi in da hali, in kuwa babu, ya yi shiri tun daga gida. Allah Ya kai mu masaukinmu lafiya, amin.