Wa zai tanka wa direba?

Duk wanda ya daɗe ya na kallon finafinan mu ya san hanya ta ci mana mutane. Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003, Ahmed S. Nuhu kuma ran 1 ga Janairu, 2007, a wajejen Azare. Allah ya jiƙan su. Ajali ba ya wuce lokacin sa, na yarda, to amma abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne shirun da mu ke yi in mun shiga mota.

Kwanan baya na hau motar haya daga Kano zuwa Jos. Direban sai sharara gudu ya ke, waya a kunne, tayar baya kuwa duk ta suɗe. Ba wanda ya tanka sai wata dattijuwa: "Ɗan nan, rayuka ka ɗauko fa, ba buhunan masara ba!" Samarin da ke baya har da dariya. Alhali ƙa'idar 'yan Road Safety kilomita 80 ce a awa a irin wannan hanya, 50 a cikin gari.

Ita taya, shekarun ta a jikin ta su ke. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 kenan. Tsohuwar roba a kan kwaltar watan Afrilu, ai sai gyaran Allah.

Wani aibin ma daga kamfani ya ke zuwa. Balan-balan ɗin kariya na cikin sitiyari da kamfanin Takata na Japan ya ƙera, zafi da laima na lalata sinadarin sa, in ya fashe sai ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. Koke-koken masu motoci na cikin abin da ya tona asirin, aka kira miliyoyin motoci gyara, kamfanin ya durƙushe a 2017. To Honda da Toyota nawa 'yan Kwatano su ka shigo mana ba a gyara su ba? In motar gidan ku daga Amurka ta zo, ku sa lambar shasin ta a shafin hukumar NHTSA na intanet, kyauta za a nuna maku ko akwai gyaran da ya rage.

Direban haya kuwa, in birkin sa na kuka tun a tasha, ni dai sauka na ke yi in faɗa wa shugabannin tasha. In a hanya ne abin ya faskara, lambar Road Safety 122 ce.