Ƙayar da Malam Ya Daɗe Yana Karantarwa Bai Taɓa Gani Ba

Shekara da shekaru wani malamin hadisi a Kano yana karantar da bayanin Siraɗi. A ruwayar Bukhari da Muslim, an kwatanta ƙugiyoyin da ke kan gadar da ƙayar wani tsiro mai suna sa'adan. Duk lokacin da almajirai suka tambaye shi ma'anar kalmar, sai ya ce musu tsidau ce. Ba wanda ya taɓa yi masa musu, domin kowa ya san zafin taka tsidau.

Wata shekara, ƙarshen damina, ziyarar dangi ta kai shi yankin Tasara a arewacin jihar Tawa, inda Larabawa makiyaya ke kiwon raƙuma. Yana tafe a kan rairayi sai ya ji wani abu ya manne a ƙasan takalminsa. Dattijon da ke yi masa rakiya ya ɓamɓare shi, ya ce, "Malam, ai sa'adan ka taka." Malam ya tsaya cak. Abin da ke tafin dattijon bai yi kama da tsidau ba ko kaɗan.

Suka durƙusa gaban tsiron. Ba ya miƙewa sama, shimfiɗe rassansa yake yi a kan yashi. Ganyensa ƙanana ne masu lanƙwasa a gefe, kuma farin gashi mai laushi kamar auduga ya lulluɓe su, har tsiron ya koma ruwan toka. Wannan gashi shi ke kare shi daga zafin rana, ya kuma rage ruwan da iska ke zuƙewa daga jikinsa. Furensa ƙarami ne, fari mai ɗan ratsin rawaya, yana fitowa ɗai-ɗai a gindin ganye. Tsidau kuwa furenta rawaya ne shar, ganyenta jere yake bibbiyu kamar na tsamiya, ɗanta kuma tsagewa yake yi gida biyar idan ya bushe.

Babbar shaida tana ga ɗan sa'adan. Faifai ne kamar babban maɓallin riga, ƙasansa shafaffe, samansa cike da ƙaya. Idan ya faɗi yakan kwanta ƙayar na duban sama, har raƙumi ya taka ya tafi da shi wani wuri. Irin da ke ciki ba ya fita. A nan yake jiran ruwan sama, ya tsira, saiwa ta huda ƙasa, kara ya huda sama. Dattijon ya tumɓuke guda, sai ga tsohon faifan maƙale a wuyan tsiron kamar zobe. Wanda ya ga wannan zobe ya gama tantancewa.

Masana tsirrai suna kiransa Neurada procumbens, sunan da Linnaeus ya ba shi a 1753. Tsiron shekara guda ne, yana yaɗuwa daga Sahara zuwa yankin Larabawa har Pakistan da Indiya. Larabawan da suna yabon sa a matsayin kiwon da raƙumi ya fi yin ƙiba da shi. Ke nan sahabban da suka ji kwatancin sun san ƙayar da ƙafafunsu.

Malam ya ƙulle faifai uku a bakin rawaninsa. Abin da ya dame shi a hanyar komowa shi ne ɗaliban da suka riga suka tafi da fassararsa, wasu har sun buɗe nasu makarantu. Ranar da ya koma karatu, kafin a buɗe littafi, ya kwance ƙullin, ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce a zagaya da shi kowa ya taɓa. Sannan ya ce, "Abin da na faɗa muku game da tsidau kuskure ne. Duk wanda ya haɗu da waɗanda suka gabace ku, ya isar musu."