Daga Maraɗi zuwa Tasawa: waya ɗaya, baki uku

Ƴan uwa mata, na je Tasawa ziyarar wata ƙungiya, kuma darasin na same shi tun a mota.

Mun bar Maraɗi da sassafe. Kusa da ni wata matashiya ce mai sayar da atamfa. Kafin mu kai Cadawa ta biya kuɗin kaya ta salula. Ta ce tun da ta saba, ta bar ƙulla kuɗi a bakin zane, ɓarawon tasha ba ya tsorata ta. Ta yi lakwal, tana karanta Faransanci.

A Agye wata tsohuwa ta shiga. Ɗanta da ke Legas yana aiko mata kuɗi. Na ce, "Inna, ke kin huta." Ta ce, "Ɗiyata, hutun me? Saƙo ya zo, jikana ke karantawa, shi ke riƙe da lambar sirri. Kafin in sani, gida duka an sani." Ga kuma lissafi: waya ta rubuta 500, ita a bakinta ɗari ce, don da dala muke ƙirga. Kullum gani take an rage mata.

A Tasawa, cikin inuwar dogonyaro, na samu ta uku, daga wani ƙauye. Wayar gidansu ta maigida ce, caji ma biya ake. Cirar jikka biyar sai ta hau kabu-kabu zuwa gari, wani lokacin mai shago ya ce ba rezo, ko kuɗi sun ƙare. Kuɗin hanya ya cinye riba.

Waya ɗaya ce, amma shekaru, karatu da wurin zama su ke sa wata ta yaba, wata ta koka.

Tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991, ya kuma kafu don ana ƙirga kuɗi a bainar kowa, mai karatu da maras karatu. Saboda haka in ƙungiyarku za ta koma zubi ta waya, kar a yanke da bakin ƴan mata kaɗai. A tambayi tsofaffi da na ƙauye. Kowane taro a ware ɗan lokaci, ƙanana su koya wa manya lambobi da juya sefa zuwa dala, har kowace ta riƙe sirrinta da kanta.

Allah ya sa albarka a asusunmu.