Shaihu Umar a Ajinmu na Kara

Mu da ke koyar da Hausa a ƙananan sakandare na karkarar Gwarzo da Kabo, akan ba mu littafi ne a ce mu kai yara ga cin jarrabawa. Haka muka ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Kara. Muka rubuta a allo cewa an buga shi a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, muka jero taurari, jigo da salo. Yara suka kwafe, wasu suna gyangyaɗi.

Abin bai canja ba sai ranar da muka zo inda aka sace Umar yana ɗan ƙarami, mahaifiyarsa ba ta gida. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, nawa aka nema kafin a sako shi?" Aji ya yi tsit. Yaran nan sun ji labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disamba 2020, da na Kagara ta Jihar Neja a Fabrairu 2021. Ga shi kuma garin su Umar a littafin sunansa Kagara.

Muka ajiye alli. Muka gaya musu ba fansa aka nema ba, sayar da shi aka yi a Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara Sahara da shi. Uwar ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita. Muka ƙara da cewa sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungum a Arewa, wato littafin ya girmi dokar da shekara biyu.

A nan muka fi jin tsoro. A garuruwanmu an san asalin kowane gida, kuma har gobe akan yi gori da kalmar bawa. Muka kafa doka: ba mai nuna wani da yatsa. Muka tambaye su, wane ne malami a ƙarshen littafin? Suka ce Umar. To, yaron da aka saya da kuɗi shi ne ɗalibai suka kewaye suna ɗaukar karatu a Rauta.

'Yan'uwa marubuta, mun sha dora wa yara shekarun tarihi su haddace, su manta bayan jarrabawa. Uwar Umar kuwa ba su manta da ita ba. Abin da ke damunmu shi ne, idan muka gama wannan da Ganɗoki na Bello Kagara, kusan hannunmu ya ƙare. Ina labarin yaron da ke bakin ganuwar Kano a 1903, ranar da Turawa suka shigo? Ina na yarinyar da aka haifa a rinji? Ajinmu yana jira. Allah Ya ba mu ikon rubutawa, amin.